Idan ciki ya wuce lokaci kuma motsin jariri ya ragu

Ciki yakan ɗauki mako 40, ana ƙirgawa daga ranar farko ta jinin al'ada na ƙarshe. Abu na farko shi ne a tabbatar cewa lokacin ya wuce da gaske, domin mata da yawa da watan sama suke lissafi, kuskuren mako biyu kuwa ba shi da wuya. Ki ɗauko takardar awo ki kai wa ungozomar asibiti. Hoton ekografi, wato hoton jariri da na'ura ke ɗauka yana cikin mahaifa, da aka yi a farkon ciki ya fi wanda aka yi a wata na takwas gaskiya wajen faɗin ranar haihuwa.

Idan an tabbatar ciki ya cika mako 41, Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar a tayar da naƙuda a asibiti. Dalili shi ne mabiyiya tana gajiya, abinci da iskar da take kai wa jariri suna raguwa, ruwan da yake kwance a ciki yana janyewa, shi kuwa ba shi da bakin kuka sai motsi.

Saboda haka ki saurari motsin nan kullum. Bayan kin ci abinci, ki kwanta a gefen hagu, ki ɗora hannu a kan cikin, ki ajiye tsakuwa ɗaya duk lokacin da ya shura ko ya juya. Idan awa 2 ta cika tsakuwa ba ta kai 10 ba, ko kika ji ɗan da ya saba hana ki barci ya yi tsit, ki tashi ki tafi asibiti a lokacin, ko da tsakar dare ne. Na sha jin tsofaffi suna cewa ciki ne ya kwanta, a bar shi zai tashi, kuma ina ganin girmansu, amma wannan magana tana cinye awannin da ake iya ceton yaro a cikinsu. Haka nan idan faya ta fashe ruwan ya fito kore, ko jini ya ɓalle, ko ciwon kai ya tsananta har gani ya dushe, babu zancen jiran safiya.

A asibiti za a saurari bugun zuciyar jariri, wanda ya kamata ya tsaya tsakanin 110 da 160 a minti, a kuma auna ruwan da ekografi. Daga nan likita zai yanke ko a sa maganin naƙuda ko a yi tiyata. A Yamai, asibitin unguwa yakan tura irin wannan ciki zuwa asibitin haihuwa na Issaka Gazobi.

Kada ki sha jiƙon saiwa ko ƙwayar kasuwa don naƙuda ta zo, domin suna iya matse mahaifa har ta tsage. Maigida kuma ya tanadi kuɗin mota, lambar direba da ɗan'uwan da zai ba da jini tun ciki yana wata tara, ya kuma bar izini a gida cewa a tafi ko ba ya nan.