Sauya dafirar Land Cruiser da boksi: kurakuran da 'yan koyo suka ƙi bari

Da damina ta kankama, warshoshin Gadarif da Sinnar da Damazin a Sudan sai su cika da motocin gona da aka jawo da igiya, kana buɗe bonet ƙaurin roba ya buge ka. Yawancinsu Land Cruiser ne mai injin 1HZ ko boksin Hilux, wato a-kori-kura, kuma abin takaici, da yawa ba a daɗe da sauya musu dafira ba. Wannan damin wayoyin da ya taso daga batir ya ratsa injin ya shiga bayan dashbod, an yi shi ne ya tsufa tare da motar. In sabo ya ƙone cikin 'yan watanni, hannun da ya ɗaura shi za a tuhuma.

Kuskuren da ya fi cin dukiyar mutane shi ne a zare ƙonanniyar dafira a jefa bayan warsha ba tare da an nemi abin da ya ƙone ta ba. Waya ba ta ƙonewa haka siddan. Abin da ya cinye tsohuwar yana nan cikin motar, kuma shi zai cinye sabuwar. Ka shimfiɗa tsohuwar a ƙasa, ka tsaga salatif ɗin da reza, ka duba wayoyin ɗaya bayan ɗaya. Za ka ga guda ɗaya da robarta ta narke tun daga farko har wani wuri, jan ƙarfenta ya yi baƙi ya bushe, su kuwa maƙwabtanta gefen da ya jingina da ita kaɗai ya narke. Ita ce mai laifin. Ka bi ta har inda narkewar ta tsaya, domin nan ne ta taɓa ƙarfe. Sai ka koma motar ka nemo wurin: bakin rami mai kaifi, ƙusar da aka ɗaura rediyo da ita ta huda dafirar, ko kan fitilar baya da laka ta cika.

Daga nan ka buɗe akwatin fis, ka duba gurbin wannan layin. Sau da yawa abin da za ka tarar shi ne zaren waya da aka nannaɗe, ko takardar azurfa ta kwalin sigari, ko fis mai amfiya 30 a gurbin mai 10. Haba jama'a! Fis ɗin da ya tsinke aikinsa ya yi, ya sanar da kai akwai matsala. Wayar yake karewa, shi ya sa ake zaɓensa daidai da kaurinta. Siririyar wayar fitilun gefe ba za ta jure amfiya 30 ba, za ta yi ja ta narke tun fis ɗin bai ji komai ba. Kuma kalar fis ba ado ba ce: ja 10 ne, shuɗi 15, rawaya 20, kore 30. Abin da aka rubuta a murfin akwatin shi za ka sa. In ya sake tsinkewa, ka nemo dalili, kada ka ƙara masa girma.

Mafi muni shi ne abin da ake yi wa gajerun wayoyin nan masu laushi da ke maƙale a kan batir mai alamar +. Su ma fis ne, an yi su ne su narke kafin wuta ta shiga dafira. Yaro zai ga ɗaya ta ƙone, ya yanko katuwar waya ya maye gurbinta, har ya ce ya yi gyara mai ƙarko. Wallahi ya cire wa motar kariyarta ta ƙarshe ne. Ranar da wayar dinamo ta goga da ƙarfe, ba abin da zai tsayar da wutar sai batir ya ƙare ko motar ta ƙone. A sayo irinta, mai kala ɗaya da kauri ɗaya.

Sai kayan ƙari, waɗanda kusan babu motar daji da ba ta da su: fitilun saman rufi, injin hura taya, firij, inbata ta cajin wayoyi. Za ka ga an fere wayar babbar fitila an ɗaura mata fitilu biyu masu wat 100, alhali su biyun suna jan kusan amfiya 17 a kan volt 12, kuma layin ba a yi shi don wannan nauyin ba. Ni ba na barin kayan ƙari su taɓa sabuwar dafira ko kaɗan. Kowanne da layinsa daga batir, fis a cikin santimita 20 na farko, sannan katawut, wato rile mai haɗa babbar wuta, shi kuwa makunni ƙaramar wutar katawut kawai yake ɗauka. Ƙa'idata a kauri ita ce waya mai murabba'in milimita 1.25 fis 10, mai 2 fis 15, mai 3 fis 20, mai 5 fis 30. Wasu ustoci suna ɗora fiye da haka, amma ƙarƙashin bonet a zafin watan Afrilu waya ba ta ɗaukar abin da take ɗauka a wuri mai sanyi, don haka na fi son in rage.

Kuskure na biyu da ke tayar min da hankali shi ne wasa da ardi, wato wayoyin da ke mayar da wuta ta jikin ƙarfe. Injin yana zaune a kan roba, gidan motar ma a kan roba yake zaune bisa shasi, saboda haka wuta ba ta da hanyar komawa batir sai ta waɗannan wayoyin. Sitatar injin dizal mai lita 4.2 tana jan ɗaruruwan amfiya a lokacin tayarwa. In babbar ardin da ke tsakanin injin da batir ta yi sako-sako, ko an manta ba a ɗaura ta ba, wutar za ta nemi wata hanya, ta bi wayar totur ko ta birkin hannu ko siraran ardin cikin sabuwar dafirar. Direba ya murɗa makulli, sitata ta yi nishi, wayar totur ta yi zafin da ba ta taɓuwa, hayaƙi ya fara fitowa daga bayan dashbod. Daga nan sai a ce dafirar jabu ce, a tafi rigima da mai shago.

Kowace ardi a kankare wurinta da sanfefa har farin ƙarfe ya fito, ba fenti ba tsatsa, a sa washa mai haƙora, a ɗaure tamau, sannan a shafa giris a sama don laka. Kada ka tara ardi biyar a kan noti ɗaya don ka huta, kowace ka mayar da ita inda masana'anta ta sa ta. Bayan haka ka auna, domin ido ba ya ganin wannan matsalar. Ka sa mita a kan volt, baki ɗaya a kan batir mai alamar −, ɗayan a jikin injin, wani ya tayar. In ya wuce 0.3, ardin ba ta yi ba. Auna om da motar a kashe yaudara ce, domin zare ɗaya tak da ya rage a cikin waya zai nuna maka lafiya lau. Kuma ka sani a Toyota farar waya mai baƙin layi ita ce ardi. Wanda ya saba da wasu motoci ya ɗauka duk baƙar waya ardi ce, ya ɗaure ta a jikin ƙarfe, ya haɗa gobara da hannunsa.

A wajen saye kuma, mutum zai shiga kasuwa ya ce a ba shi dafirar Land Cruiser, shi ke nan. Samfurin 70 tun 1984 ake ƙera shi, an sauya masa gaba a 2007, akwai mai dizal 1HZ, akwai mai fetur 1GR, akwai mai volt 12, akwai mai 24. Ka karanta farantin motar: HZJ79L na nufin sitiyari a hagu, irin namu, R kuwa a dama. Dafirar da aka ciro daga motar Japan ko Ostireliya mai sitiyarin dama ba za ta kai inda kake so ba, sai ka yi ta ƙari. Ka nemi ƙaramar takardar da ke liƙe a jikin tsohuwar: lambar da ta fara da 82121 ta injin ce, 82111 ta ɗakin injin, 82141 ta dashbod. Ka tafi da lambar da lambar shasi, kuma kafin ka biya ka shimfiɗa tsohuwa da sabuwa gefe da gefe, ka ƙirga fisha, wato kawunan da ake jonawa, da bakunan kowace. Fishar dinamo ma kaɗai akwai mai da'ira akwai mai siffar ƙwai, kuma bakunanta uku, IG da S da L, ba a haɗa su da ka. In ta hannu ce, ka lanƙwasa ta kusa da inda ta zauna a kan injin. In robar ta tsage ko ka ji ta ƙandare, ka bar musu abarsu.

Kai ɗan koyo, kafin ka taɓa komai ka cire kan batir mai alamar −, in motar tana da jakar iska ka jira daƙiƙa 90, kuma fisha mai ruwan ɗorawa ta jakar iska ce, ba a sa mata kwan gwaji. Ka ɗauki hoto, ka liƙa wa kowace fisha lamba. Ka danna harshenta kafin ka ja, kuma jikin fishar ake ja, ba wayar ba.

Hanyar da dafira ke bi ita ma ba a ƙirƙiro ta da son rai. Motar da ke bin hanyoyin gonakin dawa da riɗi, ko take hawa arewa wajen masu haƙar zinariya a Abu Hamad, wuni take tana girgiza, kuma duk inda waya ta jingina da ƙarfe sai ta cinye. Maƙalan roba da suka karye a sauya su, kada tazarar ɗauri ta wuce santimita 25. Tsakanin injin da jikin mota a bar ɗan sako-sako, domin injin yana motsi, wayar da aka ja ta miƙe za ta tsinke daga ciki robarta tana nan lafiya, ka kwana uku kana neman matsalar. Ka nisanta ta da bakin salansa aƙalla faɗin tafin hannu, ka murɗa sitiyari ƙarshe zuwa ƙarshe, ka taka kuloci da birki kana kallon ko wani abu yana taɓa ta. Robar ramin bangon da ya raba injin da gidan direba, wadda yara ke yagawa su jefar don ta ba su wahala, dole ta koma mazauninta. Ka shafa mata ruwan sabulu za ta shige. Kafin ramin ka sa dafirar ta ɗan sauka ƙasa sannan ta hau, don ruwa ya ɗiga a waje maimakon ya bi ta zuwa akwatin fis.

In dole sai an yi haɗi, to murɗa waya biyu da yatsa a naɗe da salatif ba haɗi ba ne. Zafi zai saki salatif ɗin, baƙar lakar Gadarif ta riƙe danshi, jan ƙarfen ya yi kore. Ni matsewa nake yi da bututun ƙarfe da filayar matsi, in ja da ƙarfi in tabbatar, sannan in rufe da robar nan mai tsukewa in ta ji zafi, mai gam a ciki. Dalma tana sa waya ta sandare ta karye daidai inda ta tsaya, shi ya sa ba na sa ta a kan injin. In haɗin ya fi ɗaya a jera su nesa da juna. Wayar gida ba ta shiga mota, zarenta kauri ne da shi, girgiza tana karya shi. Ita kuma waya mai arha, ka kankare zarenta da wuƙa, in fari ya fito alminiyum ce aka shafa wa jan ƙarfe. Araha ba ta ado. A sababbin motoci masu kwamfuta, wayoyi biyun da aka murɗe tare a bar su a murɗe, kuma da batir a cire, tsakanin baki na 6 da na 14 na fishar OBD, inda ake jona na'urar binciken mota, ya kamata ka ga kusan om 60.

Walda a jikin mota da batir da kwamfuta a haɗe, a daina. Cire kan batir injin yana aiki wai don a gwada dinamo, a daina. Batir ba maɗauri yana yawo a mazauninsa, a ɗaure shi. Motar da ta yi dakon hatsi a share ta, ɓera na bin ƙwaya ya ƙare a kan waya. Mai wanki kada ya saita bakin tiyo mai ƙarfi a kan fisha.

Ranar ba da wuta kada ka ɗora kan batir kai tsaye. Ka kashe komai, ka rufe ƙofofi, ka sa kwan fitila mai wat 21 tsakanin kan batir mai alamar − da wayarsa. In ya haska sosai akwai inda wuta ke taɓa ƙarfe, sai ka riƙa zare fis ɗaya-ɗaya har ya mutu, ka gane layin. In bai haska ba ka cire shi ka ɗaure kan batir, domin ba a tayar da mota ta cikin kwan. Ka buɗe makulli ka saurari ƙarar katawut na hita da ɗan ƙas ɗin da makunnin famfon dizal ke yi, wanda in babu shi injin zai yi ta juyawa bai tashi ba. In ya tashi, batir ya nuna tsakanin volt 13.8 da 14.4 a mota mai volt 12. Ka kunna fitilu da fanka da duk kayan ƙari na minti goma, ka bi dafirar da hannu kana neman inda ya ɗumama. Sannan ka fita da motar kan hanya mai gargada, ka dawo ka sake duba kowane maƙali da kowace ardi, kuma ka gaya wa mai motar ya dawo da ita bayan mako guda a sake ɗaure su.