Shirya gasar ajujuwa a makarantar da ɗalibai ke ƙaruwa

A sakandaren gwamnati ta Garuwa ko Marwa a Kamaru, da zarar aji ɗaya ya rabu gida uku ko huɗu, tsarin kowa ya kara da kowa a gasar ƙwallon ƙafa ba ya yiwuwa. A raba ƙungiyoyi rukuni-rukuni, huɗu-huɗu: wasa 6 ke nan a kowane rukuni, biyun farko su wuce. Ƙananan ajujuwa su yi tasu gasar daban, kada ɗan shekara 12 ya yi karo da ɗan 19.

A fara a Nuwamba da hunturu, a buga wasan ƙarshe a makon bikin matasa na 11 ga Fabrairu. Wanda ya ja ta har Maris zai sha rana, ga jarrabawa ta ƙarato.

Fili kuwa, a share tsakuwa, a ja layi da toka. Faɗin raga mita 7.32, tsayinta 2.44, wurin bugun fanareti mita 11 daga layin raga. Lallai a kafe turakun ƙarfe da siminti, don yara kan yi lilo a jikinsu, su faɗo musu. Filin ƙwallon hannu mita 40 ne da 20, kuma bai kamata ƙwallon ƙafa ta cinye wa 'yan mata lokacinsu na ƙwallon hannu ba.

Daga nan ake zaɓen masu zuwa wasannin FENASSCO, wato gasar wasannin makarantu ta ƙasa, don haka a karɓi takardar haihuwa tun ranar rajista. Rigimar shekaru kan jawo a kori ƙungiya. Malamin wasanni ya riƙe babban littafi guda na sunaye, sakamako da hotunan kowace shekara, ya miƙa wa magajinsa idan aka yi masa canjin wurin aiki.