Macen Aksolotul Marar Namiji: Kurakuran da Na Gaji da Gani

Kullum tambayar masu kiwon aksolotul ɗaya ce: "Tawa ta kumbura, ba namiji, ƙwan zai kashe ta?" Da wuya. Wannan dabbar ruwa mai kama da ƙadangare, 'yar asalin tafkin Xochimilco na birnin Meziko, tana fara tara ƙwai da zarar ta kai kamar shekara ɗaya, ko da namiji ko babu. In ba ta sadu da namiji ba, yawanci jikinta ne ke shanye su. Wani lokaci ta ɗan zuba a jikin ganyen tanki. Ba za su ƙyanƙyashe ba, kwashe su kafin su yi funfuna su ɓata ruwa.

Kuskuren da ya ci ni shi ne ɗaukar kowane kumburi a matsayin ƙwai. Ta farko da na kiwata, na shimfiɗa mata tsakuwa don ado. Cikinta ya tashi, ta daina cin tana, ta kwana goma ba kashi, ni kuwa ina ta murna wai ta balaga. Ashe tsakuwa ta haɗiya, don ita zuƙe abinci take yi da duk abin da ke kusa. Kafin in kai ta wurin likitan dabbobi, aikin gama ya gama. Har yau in na ga tsakuwa a tankin wani, raina ɓaci yake. Mai ƙwai tana cin abincinta, tana kashi, cikinta ya cika daidai hagu da dama. Wadda ta ƙi ci, ko take tasowa saman ruwa ta kasa nutsewa, ba ta lafiya. Ni dai ƙasan tankina fayau yake, ko yashi ba na sawa.

Sai masu nemo mata namiji wai "ta sauke nauyi". Haba! Zubi ɗaya kan kai ƙwai ɗaruruwa, ya bar ta a rame, kai kuma ina za ka kai 'ya'yan?

Kada ka matsa cikinta da yatsa, ko da wasa. Ɗumin ruwa ya tsaya tsakanin digiri 16 da 18 a ma'aunin Celsius. In ya haura 24, ta shiga uku. Kuma in "mata biyu" gare ka, duba gindin wutsiyarsu bayan shekara: mai tudu a wurin namiji ne, raba su.