Yadda ake fara aikin kula da tufafin tarihi a Kumasi

Matasan da ke zuwa wurina kan aikin gidan tarihi duk da zancen digiri suke farawa. To, a yi karatun: ana koyar da ilimin saƙa da rini a jami'ar KNUST nan Kumasi, ana koyar da binciken kayan tarihi a Jami'ar Ghana da ke Legon. Amma ni a wurina akwatin kakarka ne ajin farko.

Ka tafi da littafi da biro. Kafin ka ɗaga zane ko ɗaya, durƙusa ka tambaya: "Hajiya, wannan wa ya saya miki? A kasuwar Kejetia ne ko daga Salaga aka kawo? Bikin wa kika ɗaura shi?" Rubuta yadda ta faɗa, ka ba kowane zane lamba, sannan hoto.

Na biyu, kada ka wanke. A nan na yi ɓarnar da har yau nake cizon yatsa. Rigar kakana ce, saƙi mai aska takwas, rinin baba. Na ga ta yi ƙura, na tsoma ta a ruwan garin sabulu. Kan in juya ruwan ya koma shuɗi, aikin tsamiyar da ke ƙirjin ya sha baba ya dafe. Ban tsaya nan ba, na cusa ta a leda da sauran laimarta, ga shi watan Yuni ne, damina ta kankama. Bayan mako uku na buɗe, fumfuna ta cinye aljihun.

Saboda haka buroshi mai laushi kawai, a sha iska a inuwa, ban da rana. Leda haramun ce ga tufafi a garin nan. Takardar da manyan gidajen tarihi ke naɗe kaya da ita tana da tsada, akokon da aka wanke aka cire masa sitaci ya wadatar. Zane a naɗe shi kamar tabarma, don ninki ɗaya na shekaru yana karya zare. Riga mai nauyin aiki a kwantar da ita, rataya na yaga kafaɗa. Kafur ma kada ya taɓa kayan, kuma duk wata a duba asu.

Daga nan sai yawo. Je Bonwire ka zauna gefen masaƙa har ka iya kiran zanen kente da sunansa, tunda a 2024 UNESCO ta sa saƙar cikin al'adun duniya da ake tattalinsu. Ntonso na nan kusa, inda ake buga adinkira, wato tambura a jikin zane, da hatimin ɓawon duma. Batakari kuwa, rigar saƙi ta arewacin Ghana, sai Daboya.

Sauran mai sauƙi ne. Nemi aikin sa kai ko bautar ƙasa a gidan tarihin Manhyia, fadar Sarkin Asante, da aka buɗe a 1995, ko na ƙasa da ke Akra tun 1957. Albashin ba ya gina gida. Ranar ganawa ka riƙe littafin nan na Hajiya a hannu.