Yadda ake gane inda za a sauya giya a motar tsere

Duk sabon shiga da ya zo wurina kan maganar tseren mota, da lamba ɗaya yake zuwa a baki: "Motata doki ɗari biyu ce." In na tambaye shi a zagaye nawa take ba da dokin nan, sai ya yi tsuru-tsuru. To a nan ake barin mutane a baya, tun ba a kai kwanar farko ba.

Mataki na farko, nemi takardar gwajin injinka, wadda na'urar daino, mai auna ƙarfin inji, ke fitarwa. Gwajin yana cin kuɗi, ba kuma kowane gareji ke da na'urar ba, don haka in injin yana nan yadda kamfani ya ƙera shi, zanen kamfanin ya wadatar. In kuwa an taɓa shi, kada ka yarda da lambar da makanike ya faɗa maka da baki. Layi biyu za ka gani a takardar. Ɗaya ƙarfin murɗi ne, wato yadda inji ke murɗa karanshaf, kamar yadda hannunka ke murɗa noti da sufana, ana auna shi da Nm. Ɗayan ƙarfin doki, wato yawan aikin da inji ke iya yi cikin ƙayyadadden lokaci. A ƙasansu akwai zagayen inji a minti, abin da agogon mota ke rubuta wa rpm.

Na biyu, ka san cewa layin doki daga layin murɗi aka haife shi. Ninka murɗi da zagaye, ka raba da 7,121, ga dokinka. In takardar daga Amurka take, da fam da ƙafa suke aunawa, sai ka raba da 5,252. Shi ya sa Toyota Hilux mai injin dizal lita 2.8 take da murɗi har 500 Nm amma dokinta ɗari biyu da ɗan ɗoriya, alhali injin V8 lita 2.4 na motocin Formula 1 na 2009 zuwa 2013 murɗinsa wajen 300 Nm ne kacal, dokinsa kuwa kimanin 750. Hilux ta fi shi ƙarfin damtse. Shi kuma yana zagaya sau 18,000 a minti, ita kafin ta kai 4,000 numfashinta ya ƙare.

Na uku shi ne inda ni kaina na sha ƙasa, don haka a nan zan daɗe. Da motar dizal na koyi tuƙi, kunnena ya saba da cewa in inji ya fara kuka to wahalar da shi kake yi. Ranar da na fara shiga filin tsere da ƙaramar mota mai fetur, sai na riƙa sauya giya daidai inda takarda ta ce murɗi ya kai ƙololuwa, ina ganin na yi ilimi. Kowace fita daga kwana sai in ga wata mota irin tawa sak ta zare ta bar ni. Na zargi taya, na zargi mai, har fulogi na canza. Laifin yana hannuna na dama da ke kan sandar giya.

Abin da ban gane ba shi ne, murɗin inji ba shi ke tura mota kai tsaye ba, sai ya bi ta giya, giya kuma ninka shi take yi. Ɗauki misali da inji mai 250 Nm a zagaye 4,500, da 220 a 7,000, da 195 a 7,500 inda jan layi yake, wato alamar da ke agogon mota ta iyakar zagayen da bai kamata inji ya wuce ba. Ka ce giya ta biyu tana ninkawa sau 2.0, ta uku sau 1.4. A 4,500 cikin giya ta biyu kana da 250 sau 2, wato 500. Ka jefa ta uku a wurin, allura za ta faɗo 3,150, inda murɗi bai wuce a ce 230 ba, sau 1.4 ya zama 322. Ka yar da fiye da kashi ɗaya cikin uku na turawarka da hannunka.

Yanzu bar ta a ta biyu har 7,500. Murɗi ya ragu, gaskiya ne, amma 195 sau 2 ai 390 ne. In ka sauya a nan, allura za ta sauka 5,250, murɗi wajen 245, sau 1.4 ya ba ka 343. Ka ga ko a bakin jan layi giya ta biyu ta fi ta uku turawa. Ke nan a wannan motar sai ta yi kuka har jan layi sannan ka taɓa sandar. Haka za ka yi wa kowace giya: lissafa abin da kake da shi kafin sauyi da abin da za ka samu bayan sauyi, wurin da biyun suka yi kunnen doki nan ne wurin sauyawa, in ba su haɗu ba jan layi ne. Galibi za ka tarar wurin ya ɗan wuce ƙololuwar doki. Ni da biro nake yi a bayan takardar, sannan in manna ɗan jan salatif a gilashin agogon, kuma ban yarda da wanda ya ce kunnensa ya ishe shi ba.

Ka kuma duba faɗin tudun da ke kan layin doki, kada tsininsa ya ruɗe ka. Injin da ke ba da doki 200 daga 5,500 zuwa 7,500 ya fi mai 215 a wuri ɗaya tak daɗin tsere a fili mai yawan kwana. Audi R10, motar dizal ta farko da ta ci tseren awa 24 na Le Mans a Faransa a 2006, giya biyar kawai take da su, domin murɗinta ya haura 1,000 Nm kuma a shimfiɗe yake, direba ba ya bukatar yawan sauyi.

Na huɗu, daidaita giyar ƙarshe, wato wadda ke miƙa ƙarfi daga akwatin giya zuwa tayoyi, da filin. So ake allura ta kusanci jan layi a babbar giya daidai ƙarshen miƙaƙƙen titi mafi tsawo. In ta buga tun a tsakiya, giyar ta yi gajarta. In ka taka birki tana can ƙasa, ta yi tsawo. A nan doki ke magana, domin ninka gudu sau biyu yana bukatar ƙarfi sau takwas don keta iska. Kafin 2014 ƙungiyoyin Formula 1 sukan sa dogayen giya a filin Monza mai dogayen miƙaƙƙun tituna, gajeru a na Monako mai yawan kwana. Daga shekarar aka koma giya takwas da ake zaɓa tun farkon kakar wasa.

Sauran kuwa ka sani. Rage nauyi ya fi ƙara doki araha, cire kujerun baya kyauta ne. Murɗin da taya ba ta iya riƙewa hayaƙi zai zama, saboda haka sayi taya kafin ka sayi turbo. Kuma tunda yanzu za ka riƙa zama kusa da jan layi, duba bakin mai da ruwan lagireto bayan kowace fita.