Yadda Ake Dawo da Intanet a Tsohuwar Kwamfuta Bayan Fomatin

Ɗalibai da masu shagon buga takardu a nan Sakkwato sun fi kawo tsofaffin HP da Dell na gwanjo da ƙorafi guda: an yi fomatin, an ɗora Windows 7, sai intanet ya ce bai san zancen ba. Kada ka yi saurin zargin kebul ko layinka. Galibi direban katin sadarwa, wato manhajar da ke sa Windows ya gane katin, shi ne bai hau ba, domin Windows 7 tun 2009 ya fito, akwai katuna da yawa da bai zo da direbansu ba.

Danna maɓallin Windows da R tare, ka rubuta devmgmt.msc. Duba ƙarƙashin Other devices. In ka ga Ethernet Controller da 'yar alama ruwan ɗorawa, na kebul ne ya ɓace. In Network Controller ne, na Wi-Fi ne.

To a nan masu koyo suke ɓata rawarsu da tsalle. Sai mutum ya rubuta sunan kwamfutar a Google, ya sauke duk abin da ya fara fitowa, ya ƙi hawa, ya sake sauke wani, data ta ƙare a banza. A samfuri ɗaya na kwamfuta, wata kan fito da katin Intel, wata da Broadcom, wata da Atheros, kuma ta gwanjo ba ka san hannu nawa ta bi ba, wataƙila an taɓa canza katin. Don haka katin za ka tambaya sunansa. Danna shi da maɓallin dama na linzami, ka shiga Properties, sannan Details, ka zaɓi Hardware Ids. Za ka ga rubutu irin PCI\VEN_10EC&DEV_8168. Abin da ke bayan VEN shi ne kamfanin: 10EC Realtek ne, 8086 Intel, 14E4 Broadcom, 168C kuma Atheros. Na bayan DEV shi ne ainihin samfurin katin. Ɗauki hotonsa da waya, kada ka dogara da hadda, harafi ɗaya ya kuskure ka sauko da na wani kati. Ka kuma duba a Properties na Computer ko Windows ɗinka 32-bit ne ko 64-bit. Direban wannan ba ya hawa kan wancan, ko da katin ya yi daidai.

Da wannan lambar za ka nema a waya, ka sauke, ka tura wa kwamfutar ta kebul ko filash. Ni daga shafin kamfanin kwamfutar ko na katin kawai nake saukewa. Shafukan nan masu ƙaton koren maɓallin Download, da manhajojin da ke alkawarin nemo maka direba kyauta, ka guje su, tarkace suke cusawa. Akwai gajeriyar hanya: jona wayar Android da kebul ka kunna USB tethering, sau da yawa Windows 7 yana karɓa ba tare da wani direba ba.

In fayil ɗin ba shi da setup, warware shi, ka koma kan katin, Update Driver Software, Browse my computer, ka nuna masa folda. Kashe ka kunna.

Direba ya hau amma har yanzu shiru? Buɗe cmd ka rubuta ipconfig. Adireshin da ya fara da 169.254 na nufin rawuta, na'urar da ke raba intanet, ba ta ba ka adireshi ba, sai ka gwada ipconfig /renew, ka canza kebul, ka hure ƙurar hunturu da ta toshe ramin. In ping 8.8.8.8 ya amsa amma shafi bai buɗe ba, matsalar DNS ce, wato mai mayar da sunan shafi zuwa adireshi, saka 8.8.8.8 da hannu a gurbin DNS na saitin katin. In burauza na kukan shafi ba shi da tsaro, duba kwanan watan kwamfutar, in ba daidai yake ba, galibi ɗan batirin CR2032 na kan motherboard mai riƙe agogo ne ya mutu, kuma ba shi da tsada. In ba ya ganin hotspot ɗinka sam, mayar da wayar kan 2.4GHz, tsofaffin katuna da yawa ba sa ganin 5GHz. Ka tabbatar ma ba a kashe makunnin Wi-Fi na gefe ba.

Katin da ya ƙi bayan duk wannan, sayi ɗan Wi-Fi na USB mai goyon bayan Windows 7 ka huta. Amma Microsoft ta daina tura wa Windows 7 gyaran tsaro tun Janairun 2020, kada ka riƙa shiga asusun banki da ita.