Yadda za ka zama mai tantancewa a Ethereum ba tare da an yanke maka jingina ba

Tun ranar 15 ga Satumba, 2022 da Ethereum, tsarin kuɗin intanet da ake kira ETH, ta daina haƙa (samar da kuɗin da ƙarfin lissafin kwamfuta) ta koma tsarin jingina, inda ake kulle kuɗi a matsayin lamuni, masu tantancewa ne ke riƙe da littafin cinikinta. Duk daƙiƙa 12 ana zaɓar ɗayansu ya kawo sabon bulok, wato sabon shafin ciniki a littafin, wasu kuma su sa hannu cewa sun gani, daidai yake. Naka sa hannun yakan zagayo sau ɗaya cikin minti 6 da daƙiƙa 24. Kawo bulok kuwa, sai ka yi watanni bai faɗo kanka ba.

Tanadi ETH 32 na jingina, da kwamfutar da ba za ta yi wani aiki ba sai wannan, da faifan ajiya na SSD mai sauri. Ni terabait 4 nake so, domin 2 kan cika tun ba a je ko'ina ba. Manhaja biyu za ka ɗora: ɗaya mai aiwatar da ciniki, kamar Geth, Nethermind ko Besu, ɗaya ta cimma matsaya da sauran masu tantancewa, kamar Lighthouse, Prysm, Teku ko Nimbus. Roƙona a nan, kada ka bi wadda kowa ya ruga gare ta. A watan Mayun 2023 Prysm da Teku sun samu tangarɗa har aka ɗan kasa rufe buloki, wato tabbatar da su na dindindin, masu sauran manhajojin ne suka riƙe ragamar. Fara gwada hannunka a Hoodi, wato Ethereum ta gwaji, inda kuɗin ma na gwaji ne.

Mabuɗanka na sirri, waɗanda za ka riƙa sa hannu da su, ka ƙirƙire su a kwamfutar da ba ta kan intanet. Kalmomi 24 da manhajar ƙirƙirar mabuɗan za ta ba ka, waɗanda da su ake dawo da mabuɗan in sun ɓata, rubuta su a takarda, kada ka ɗauki hotonsu. Adireshin cire kuɗi kuma ka duba shi harafi bayan harafi, don in ka sa shi ya zauna ke nan.

Yanzu ga abin da ya sa na zauna rubuta wannan. Daren farko da intanet ɗina ya yanke, ban runtsa ba, har na fara tunanin kunna mabuɗina a wata kwamfutar ta riƙe min kafin gari ya waye. Allah ya taimake ni ban yi ba. Wanda na'urarsa ta mutu, tararsa kusan daidai take da ladan da zai samu a wannan lokacin; in ya dawo sai ya mayar. Amma mabuɗi ɗaya a na'ura biyu zai sa hannu kan magana biyu masu karo da juna, tsarin kuma bai san kuskure ba, ha'inci yake gani. Sai a yanke wani ɓangare na jinginarka, a fitar da kai dole, ka jira kusan kwana 36 kafin ragowar ta dawo hannunka. Garin neman gira a rasa ido.

Saboda haka in za ka ƙaura zuwa sabuwar na'ura, kashe tsohuwar tukuna. Kwashe kundin da ke ajiye tarihin sa hannunka ka kai sabuwar, sannan ka goge mabuɗin daga tsohuwar gaba ɗaya, domin tana iya tashi da kanta in an sake kunna ta. Jira ka ga an rubuta maka fashin sa hannu sau biyu ko uku a jere a beaconcha.in, shafin da ke nuna aikin masu tantancewa. Sai ka kunna sabuwar, tare da saitin da ke sa ta saurara ko akwai mai amfani da mabuɗinka kafin ta fara sa hannu.